Abin da Tsatsa ta Tono

Saura kwana tara a kai ta gwajin shekara,
Torquil Gunn ya turo ta garejina a Thurso,
tana tari, yana tari,
su biyun sun sha iskar teku har ta ishe su.
"Ishbel," ya ce, "ɗan tabo ne a gindin ƙofa.
Shafa mata baƙin fenti, mu rufa wa juna asiri."

Na ce mai duba motoci ba ido kaɗai yake kawowa ba,
da 'yar gudumarsa yake tafe,
yana ƙwanƙwasa kamar mai bin bashi.
Inda ƙarfe ya amsa da ƙararrawa, ya wuce.
Inda ya amsa da muryar kwali, ya zaro biro.

Na sauka rami da tocila a baki.
Gishirin hunturu ashirin da shida,
wanda ake watsa wa titi don kada santsi ya kashe mu,
ga shi ya tare a nan, yana cinta a hankali.
Na soka sukudireba kusa da maɗaurin bel,
ta nutse kamar a cikin burodi.
Ɓawo ya zubo mini a gashi, ja-ja, kamar ganyen shayi.

Na bi da injin yanka ina neman inda lafiya ta fara.
Can bayan tayar hagu
ƙarfe ya ƙare, wani abu ya karɓa:
fila mai kaurin tafin hannu,
ƙarƙashinta ragar kaji,
ƙarƙashin raga, jarida a dunƙule.
Na warware. Farashin tumaki. Lokutan jirgin ruwan Orkney.
A gefe, da fensir, lissafin kuɗin aiki.
Na san wannan bakwai mai ɗamara.
Na san wannan huɗu da ba ya rufe baki.
Hannun babana ne.

Shi da ya buge mini yatsu ina 'yar sha huɗu
don na bar ƙofar allura a ɗinkin walda.
Sau takwas guduma ta bi ta nan ba ta ji komai ba;
ashe ko a ƙarya gwani ne.
Sai na duba kwanan wata.
Shekarar da huhu ya fara cin amanarsa ce,
da minti biyar a kwance ƙarƙashin mota ke gagararsa,
bai kuwa faɗa wa kowa ba.

Na daɗe a ramin har tocila ta dushe.
Torquil ya leƙo: "Da sauran rai?"
Na ce da saura.
Ban ce masa shekara takwas yana kai jikoki makaranta
a kan labarin tumaki ba.

Dare uku na yi.
Na yanka har sai da ƙarfe ya yi fari,
na auna da kwali, na zana a kan faranti,
na lanƙwasa, na ɗiga wuta, ɗigo bayan ɗigo,
kada zafi ya murɗe gefen.
Tartsatsi ya faɗa mini a wuyan riga, ban motsa ba.
Na bi ɗinkin da haske ina neman ƙofar allura.
Babu.
Na feshe ciki da kakin zuma, na kashe fitila.

A takardar kuɗi na rubuta gaba da gindin ƙofa.
Ya sa tabarau: "Bayan fa?"
Na ce an riga an biya, tun tuni.

Ranar Talata gudumar ta sauka bayan tayar hagu,
ƙarfe ya amsa, tas.
Amma motar ta faɗi a kan ƙwan fitilar lamba,
ƙwan da bai kai kuɗin kofin shayi ba.
Torquil ya zage ta, ya shafa kanta, muka canza.

Jaridar tana aljihun tebur, tare da sandunan walda.
Ban yafe ba tukuna.
Ban kuma jefar ba.