Inda Tambarin Yake

Saƙon ya ce: Asabar, ƙarfe goma, a Osu,
shagon shayi mai gilashi, hawa na biyu.
Wata da ta gama jami'ar ce za ta gana da kai.
Can ƙasa aka ƙara: sa abin da ka saba sawa.
Wannan layi guda shi ya hana gidanmu barci.

Inna ta ce kaftani, shuɗin nan na Sallar bara,
wai mutum ya je da sunan gidansu a jikinsa.
Kawu Issaka ya ja tsaki:
"Boko zai nema, ba ɗaurin aure ba."
Ya hau trotro har Kantamanto,
ya dawo da kwat ruwan toka
wadda kafaɗunta suka fi nawa da yatsu huɗu.
A aljihun ciki na tsinci tikitin jirgin ƙasa
na wani gari da harshena ya kasa faɗa.
Ashe ita ta riga ni zuwa can, har ta dawo.

Na tsaya gaban madubin Memunatu
mai tsaguwa ta gefe.
Sai ka ce an rataye kwat a ƙusa, ni ne ƙusar.
Ta yi dariya har koko ya ƙware ta,
ta ce kayan aro ba ya rufe katara.

Ƙarfe tara aka ɗauke wuta.
Nima ta yi duhu, sai janaretan mai aski ke tari.
Inna ta ɗauko farar rigata ta makaranta,
wadda na sa shekara uku,
ta zauna bakin ƙofa da reza, ina haska mata da waya.
Zare bayan zare ta tsinke tambarin aljihu.
Ba ta ce uffan ba.
Ta hura gawayi a dutsen gugar kakata,
ta sa ƙyalle tsakani kada toka ta ɗiga.

Baƙin wando nawa ne.
Takalmi na Fuseini maƙwabci, na cusa masa takarda.
Agogon Baba ya tsaya tun watan azumi,
na ɗaura shi duk da haka.

A mota mai kifi ce kusa da ni.
Na ƙanƙame jikina har muka sauka.

Ita kuwa, Madam Lamiley,
da silifa ta shigo, ta makara minti bakwai,
tumbuɗin jariri ya bushe a kafaɗarta,
tana ba ni haƙuri.
Ni da na zo da gumi a hammata!

Ta tambayi abin da ke hana ni barci.
Na ce babbar kwatar unguwarmu,
yadda nake auna ruwanta da sanda duk damina,
ina rubutawa a bayan littafin lissafi.
Bakina ya sake, na manta da takalmi.

Can idonta ya sauka a ƙirjina,
wurin da ya fi sauran rigar fari,
ramukan allura sun kewaye shi kamar sawun tururuwa.
Ta ce, "Me ke nan wurin a dā?"
Na faɗa mata: reza, waya, gawayi, har kwat ɗin Kawu.
Ta yi dariya, sannan ta yi shiru,
ta rubuta wani abu mai ɗan tsawo.
Ban san ko mene ne ba.

Yanzu sati uku ke nan, babu amsa.
Kawu na sa kwat ɗin zuwa Asuba, wai akwai sanyi.
Fuseini ya karɓi takalminsa, ya bar takardar a ciki.
Jiya na buɗe gwangwanin da Inna ke ajiye maɓallai
ina neman allura,
na tarar da tambarin a ƙasa,
an naɗe shi a leda, zaren bai gama fita ba.