Sanyin Wata Ƙasa

Ni ɗan Sarkawa ne, daga Yawuri,
a kwalekwale aka yanke mini cibiya.
Na ɗauka babu sauran karatu tsakanina da kogi
sai da na zo Ikko na ga uban ruwa.

Kogi yana da gaba, yana da baya,
ka san mafitarsa, ka san inda za shi.
Teku ba ya zuwa ko'ina.
Yana kwance, yana numfashi kamar bijimin da ya ƙoshi,
ba ya gaya wa makiyayi ranar zaburowa.

Shekara goma sha ɗaya ina ɗaurin igiya
a ƙaramin jirgin da ke jan manya zuwa Apapa,
ɗan yaro riƙe da akalar amale.
Tafin hannuna ya zama kirgi,
gishiri ya cinye mini agogo uku,
na huɗun ma ya fara tsayawa.

Wata asuba a watan Agusta,
tuta ta langaɓe a kan sandarta,
hayaƙin kuku ya miƙe sak kamar tabarya.
Na ɗebo ruwa a bokiti, sanyi kamar na randa.
Babu iska ko ta hura ashana,
amma kofin shayina ya bar ni, ya kama tafiya
daga wannan gefen tebur zuwa wancan yana rawa.

Rediyo ya yi kaki, ya ce:
masu jirage, a kula,
igiyar ruwa daga kudu maso yamma,
mita biyu da rabi,
daƙiƙa goma sha shida tsakanin wata da mai zuwa.

Kyaftin Sewanu, mutumin Badagiri,
bai yarda da rediyo ba sai ya ƙirga da kansa.
Leɓɓansa na motsi kamar mai lazimi.
Ya ce, Tanimu, can ƙarshen kudu yanzu ake sanyi,
inda ruwa ke daskarewa ya zama dutse.
Guguwa ta tashi can tun makon jiya.
Iskar ta mutu a inda aka haife ta,
raƙumanta ne suka taso ayari, ba madugu,
ba zango, ba kiwo,
sai yau suke isowa.

A bakin mashiga, tsakanin dogayen duwatsun nan biyu,
muka hango kwalekwalen masunta daga Makoko.
Raƙumi na farko ya ɗaga su, ya sauke.
Na biyu ya ɗaga su, ya sauke.
Na uku bai sauke ba.
Na jefa igiya, ta faɗi kusa.
Na sake, gwiwata na kaɗawa.

Mutum uku muka tsamo.
Saurayin ya ƙi sakin jarkar mai,
ɗaya na kiran injin da ya nutse, wai bashi ne.
Tsohonsu ya amayar da teku a kan takalmina,
ya ɗaga kai yana duban sama garau,
ya buɗe tafin hannu, yana neman iskar da ta kifar da shi.
Ba ma jin harshen juna,
amma na gane tambayar, ban da abin amsawa.

Da dare a Ijora, ɗaki na ta lilo da ni,
ƙasa ma ba ta yarda ta tsaya ba.
Na kira Inna.
Ta ce Neja ya cika, ya shiga gonar Kawu Barmo,
ta ce, can wajenku ana sanyi?

Na ce, a'a, Inna, mu namu da sauƙi.
Na wasu ne, mutanen da ban san sunan garinsu ba,
ya biyo ruwa kwana bakwai
ya zo ya zubar mini da shayi.
Ta yi dariya, ta ce in riƙa sa rigar sanyi.
Na ce to, ina sawa.