Tire Mai Jan Ƙyalle

Ƙarfe uku na dare, Gyaɗi-Gyaɗi ta yi tsit,
janareto kaɗai ke tari a bayan ɗakin tiyata.
Sista Barira ta turo mini tire
an ɗaura masa jan ƙyalle:
"Daga cikin kan mutum suka fito, Tasalla.
Kada ki bari su bushe."

Almakashi, hantsaki, 'yar ƙugiya.
Shekara sha tara ina wanke irinsu.
Ƙwayar cuta na san ta, tana da rai,
mai rai kuwa tururi na gamawa da shi.
Wannan ba shi da rai.
Ta ina za ka kashe abin da bai taɓa numfashi ba?

Likita ya ce firiyon ake kiransa,
furotin ne da ya naɗe a karkace,
in ya jingina da ɗan'uwansa
sai ya koya masa karkata,
sannu sannu ƙwaƙwalwa ta koma soso.

Mahaifina marini ne a Ƙofar Mata.
Yakan ce ninki ɗaya in ya kauce,
duk rigar da ka ɗora a kai sai ta bi shi.
Ya rasu da shuɗi a ƙarƙashin farce,
ko wankan ƙarshe bai fitar ba.

Na sa safar hannu biyu, na kare ido,
na nutsar da su a ruwan soda mai cin fata,
awa guda cur, idona na kan agogo.
Na ɗauraye, na jera a tukunyar tururi,
zafi ɗari da talatin da huɗu,
minti sha takwas, ban ci ko ɗaya ba
har ladan ya kira assalatu.

Akwai wani siririn bututu, ba ya jure wannan azaba.
Kuɗinsa ya fi albashina,
ma'aji zai yi ta mita.
Na rubuta lambarsa, na aika shi wuta.

Sauran sun fito suna ƙyalli.
Ƙyalli dai ba shaida ba ne.

Mai tiren, an ce tela ne a Fagge,
ya manta yadda ake zura zare a allura.
Wanda zai kwanta gobe ban san shi ba,
shi ma ba zai taɓa jin sunana ba.

Na tuɓe safa, na duba ƙarƙashin farcena,
na fita bakin titi neman adaidaita.