Tauraro Uku da Rabi

Marjorie ta laburare ta miƙo min kati,
ta ce, "Darlene, layi biyu kawai,
ki faɗa wa na bayanki ko ya cancanci kunne."
Layi biyu? Littafin da ya ci min awa goma
a bas ɗin makaranta, bayan na sauke yaron ƙarshe,
daga ni sai hita mai tari,
sai gonakin masara da aka aske,
sai hanya miƙaƙƙiya kamar bashi.

To, ga abin da na ji.

Wata ce aka sallama daga aiki a birni,
ta komo garin kakarta da akwati ɗaya da zuciya a tsage.
Ta gaji shagon burodi, ta gaji kyanwa,
ta gaji maƙwabci mai faɗin kafaɗa
wanda ya tsane ta har babi na tara.
Tun daga sallama ka san inda ruwan zai gangara.

Na cire tauraro ɗaya saboda ƙarya.
A garinsu dusar ƙanƙara na sauka kamar garin alkama,
ba ta toshe ƙofa, ba ta kashe batir.
A Orvik namu shagon burodi ya rufe tun ina da miji,
yanzu tsofaffin tayoyi ne a ciki.
Mai faɗin kafaɗa ɗaya tak da muke da shi
ya ba saba'in baya,
haƙoransa ma a kofi suke kwana.

Rabin tauraro kuma laifin mai karatu ne.
Muryarta zuma, in mace ke magana,
amma da ta zo kan namiji sai ta danne maƙogwaro
kamar mai mura yana kiran saniya.
Ya ce "ina son ki", na yi dariya
har na wuce hanyar gidana da mil guda.

Saura uku da rabi. Ga dalili.

Akwai inda ta ƙona burodin farko,
ta zauna a ƙasa cikin hayaƙi, ta ci abinta haka nan,
ba wanda ya turo ƙofa ya cece ta.
Nan na taka birki, na gangara gefen titi,
don na san wannan zaman.
Na yi shi a kicin, watan da Curtis ya kwashe kayansa
ya bar min takalmin ruwa ƙafa ɗaya
da bashin rufin gida.
Marubuciyar ta yi ƙarya a kan ƙanƙara,
amma na rantse ta taɓa cin ƙonanne.

Littafin ya ce sake farawa buɗe sabon shafi ne.
Ni a wurina ya fi kama da tayar da bas a sanyin Janairu:
ki murɗa makulli, ta yi tari, ta mutu,
ki jira, ki tsine wa wanda ya ƙera ta,
ki sake murɗawa.

Ranar Laraba na kai wa Wendell mai gareji duba birki,
na manta ban kashe ba.
Sai ga mai mura ya cika gareji da alkawura.
Wendell ya zamo daga ƙarƙashin mota, baƙin mai har kunne,
ya ce, "Babi na nawa ke nan? Ni ina na sha biyu.
Kada ki faɗa min ko ta sayar da shagon."
Kafaɗarsa ba faɗi. Sanƙo gare shi.
Sau biyu ya wanke hannu kafin ya miƙo min makulli.

Marjorie, katinki ya yi kaɗan, na juya bayansa.
Ki rubuta: a saurara,
amma a nemi wurin tsayawa kafin burodi ya ƙone.
Ƙarshen kam ban ji ba tukuna,
saura minti arba'in, na ajiye su.
Wendell ya ce yana da kofi mai zafi ranar Asabar,
kuma wai lasifikar garejinsa
ta fi ta bas.