Takardar Garanti

Daren Laraba diskina ya fara ƙyas-ƙyas
kamar gara a cikin azara.
Da asuba ya yi shiru.
Shekara shida na hotunan Tawa suna cikinsa:
raɗin suna, filin kokawa, ɗaliban da suka ci jarrabawa,
da muryar Inna tana lissafa rijiyoyin Bilbis.

Na naɗe shi cikin safa, na hau motar Yamai.
Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso,
yana aljihuna kamar jinjiri mai zazzaɓi.

Arzika mai shago ya juya shi, ya karanta lamba,
ya buɗe littafi mai tabon shayi.
"Saura wata biyu garantinka ya ƙare. Ka taki sa'a."
Bai ja ni da gobe ba.
Ya miƙo sabo, dal cikin leda.

Na ce, hotunan fa?
Ya ce, "Nomau, kamfani rumbu yake ramawa,
ba ya rama hatsi."

Maƙwabcina Abarshi a tebur ya sayi nasa,
ragin jaka bakwai.
Ranar da ya mutu masa, mai tebur ya koma sayar da kankana.
Ni dai na tarar da ƙofa a buɗe,
da mutumin da bai manta hannunsa ba.

Yanzu biyu nake ajiyewa, kowane da kamfaninsa,
yadda Baba ke raba gero:
rabi gida, rabi bakin gona.
Takardun suna ƙarƙashin katifa.

Rijiyoyin, huɗu kawai nake tunawa,
sai tarin da take yi kafin ta fara.