Ɗakin Ƙarshe a Hannun Hagu

Na bar kifin Lagdo a kan waya,
na ce wa Ladidi ta juya shi in ya yi ja.
Ban gaya mata inda za ni ba.
Mai babur ya karɓi dala arba'in,
ya ratsa da ni Garwa tun rana ba ta yi baki ba.

Matakalar asibitin shida ce kawai.
A ta uku na tsaya ina haki.
Tun haihuwar Sabi'u zuciyata take haka,
tana gudu ni ina zaune,
ƙafa ta kumbura har takalmi ya ƙi ni.
Ga shi kuma na yi ɓatan wata, har biyu.

Shekaranjiya maƙwabciya ta miƙo ƙulli ta kan katanga:
jiƙa ki sha, kafin asuba an gama.
Na riƙe shi, sai na tuna Hansatu mai kitso,
zane uku bai tare jininta ba,
tsinken kitsonta har yau yana gidana.
Na cusa ƙullin a murhu, ƙarƙashin kifi.

Ɗakin ƙarshe a hannun hagu.
Madam Asta ta fara da Fulatanci,
ta ji harshena yana tuntuɓe, ta dawo Hausa.
Ta tura ƙofa da gwiwar hannu, ta ja labule.
Likita ya ɗora ƙarfe mai sanyi a ƙirjina,
ya daɗe yana saurare
kamar mai jiran motar da ta yi latti.

Da ya fita ta jawo kujera kusa,
har gwiwarta ta taɓa tawa.
Ta ce, Tasalla, ba zan rufe ki ba.
Zuciyar nan jaki ce da ya riga ya gaji.
In kin zaɓi ɗaukar kayan, muna tare,
gado, awo duk mako, magani,
amma ban isa in ce za ki kai ba.
In kin zaɓi saukewa, akwai hanya a nan,
da hannu wankakke, da likita, da rana tsaka,
ba a bayan ɗaki ba.

Sai ta ce: ke me kike so?

Na nemi amsa a silin.
Fanka tana juyawa da fiffike ɗaya a karye.
An sha tambayata nawa ne kifi,
ina tuwo, ina wandon makaranta.
Wannan tambayar, rabona da ita
tun kakata tana raba mana rake.

Na yi kuka, ba ta hana ni ba.
Ta miƙo ruwa a kofin roba shuɗi.
Na ce ina tsoron Allah.
Ta ce nima haka,
tambayi malamin da kika yarda da shi,
zo da mijinki in kina so, zo ke kaɗai in kin fi so.
Alhamis ina nan. Kada dai ki daɗe.

Daren nan Bappa ya dawo da ƙurar auduga a gemu.
Na ajiye takardar kusa da kwanonsa.
Bai iya karatun likita ba,
amma ya iya ƙafata, ya daɗe yana dubanta.
Yara uku suna barci a tabarma ɗaya,
Sabi'u ya cusa hannu cikin ɗankwalina.

Na ƙirga su. Na sake ƙirgawa.
Na ɗora tafi a marata, na yi sallama a hankali
da wanda ban raɗa wa suna ba.

Alhamis na hau matakalar.
A ta uku na tsaya, kamar kullum.
Bappa ya tsaya a ta biyu, riƙe da takalmina.