Wanda Ba a Ƙirga Ba

A Garwa na san shi, ina yaro,
kan ɓauren da ke bayan majema:
gemu tsaye a gindin baki,
ido cikin kaskon rawaya,
ƙirji ja, an ɗaura masa baƙar ɗamara.
Kukansa kamar ana jan ƙyauren kwano.
Mukan jefe shi, ko kallo ba mu ishe shi ba.

Yau shekara talatin ina gawayi a Am Timan.
Ran Laraba ɗiyar ƙanwata, Zannira,
ta biyo ni daji da madubin hange a wuya.
Ta ce, "Kawu, dakata da gatarin nan."

Na ɗaga kai. Shi ne, kuma ba shi ba.
Gemun na nan, da bakin nan mai kaurin haure,
amma jan ya zame, ya koma ciki,
ƙirjin baƙi wuluk kamar tafin hannuna.

"'Yan wa da ƙane ne," in ji ta,
"aka raba musu gado, wancan yamma, wannan gabas."
Ta buɗe littafi. Gaban sunan kowanne
magana guda: babu fargaba.

Na ce madalla, na tofa yawu a hannu.
Ta riƙe ƙotar.
"Na Garwa, ido nawa ya gan shi kafin a rubuta?
Wannan fa, wa ke zuwa?
Damina ta sauka, hanya ta zama tabki.
Lafiyar wanda aka duba daban, Kawu,
da ta wanda ba a leƙa ɗakinsa ba."

Sai ta nuna mini ramin,
zagaye, kamar bakin tulun kwalli,
a jikin busasshen reshe,
wanda tun asuba na yi wa kuɗi a zuciya.
Ashe ni da shi sana'armu ɗaya:
duk mataccen itace muke nema.
Shi ya ɗauki ɗaki, ni in kwashe gidan.

Ban ce na tuba ba.
Annur mai shayi yana bi na buhu uku,
kuma bashi bai san tsuntsu ba.
Na dai saɓa gatari, na ƙara gaba.

Da na waiwaya tana durƙushe,
ta rubuta ɗaya a takarda.
Wani kai ya leƙo daga ramin, da gemunsa.
Ta lashi yatsa, ta goge,
ta rubuta biyu.